Ina Rumfarku Take? Batun Wuraren Jefa Ƙuri'a a Ƙasar Gaya da Ajingi

A ranar babban zaɓe 'yan sanda sukan hana zirga-zirgar motoci da babura tun daga tsakar dare har zuwa maraice. Mutumin birni bai cika damuwa da wannan doka ba, gama rumfarsa tana makarantar da ke bakin layinsu. Amma manomin da yake zaune a gidan gona, duk nisan da ke tsakanin ƙofar gidansa da akwatin zaɓe, da ƙafa zai taka shi, zuwa da komowa. Matarsa ma haka, da goyo a baya. Tsohonsa kuwa, in gwiwa ta ƙi, sai ya zauna a gida ya ji sakamako a rediyo.

Domin haka muka ga ya kamata a wannan fitowa mu jingine zancen taki da iri tukuna, mu dubi wuraren da ake jefa ƙuri'a a Ƙananan Hukumomin Gaya da Ajingi: yadda aka yi aka kafa su, wanda suka yi wa kusa, wanda suka yi wa nisa, da abin da ƙungiyar manoma za ta iya yi tun kafin zaɓen 2027. Ba mu zo da zancen jam'iyya ba. A cikin ƙungiyoyinmu kowa da tasa, haka kuma ya kamata. Zancenmu shi ne hanyar da mutum zai bi ya kai ga akwati.

Kada wani ya ce abin bai taka kara ya karya ba. A zaɓen gwamnan Kano na 2019, bayan an sake zaɓe a wasu wurare ran 23 ga Maris, ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ƙuri'a 8,982 ce. A lokacin nan rumfunan zaɓe 8,074 ne a jihar duka. Ku raba da kanku: ƙuri'a ɗaya da 'yar ɗoriya ke nan a kowace rumfa. Watau tsohuwa ɗaya da ta kasa ƙetare rafi, da saurayi ɗaya da ya gaji da layi ya koma lambu, in aka tara irinsu a faɗin jiha, sun isa su juya gwamnati. Ga shi kuwa a zaɓen gwamna na 2023, cikin mutum 5,921,370 da ke rajista a Kano, waɗanda suka jefa ƙuri'a wajen miliyan 2 ne kawai. Mutum biyu cikin uku ba su fito ba. Waɗansu fushi suka yi da 'yan siyasa, waɗansu sun rasu ba a cire sunayensu ba, waɗansu suna ci-rani. Amma akwai waɗanda suka so zuwa, hanya ce ta hana su, su ne kuma muke magana a kansu.

Akwai wani dalili da ya fi wannan kusa da tukunyarmu. Sakamakon zaɓe rumfa-rumfa ake rubuta shi, a manna a bango, a kuma sa hotonsa a intanet. Ɗan siyasa yana da wannan lissafi a aljihu. Sa'ad da aka zo rabon rijiyar burtsatse, ko kwalbati, ko buhunan taki, ya san ƙauyen da ya fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa, ya san wanda rumfarsa ta ba da ƙuri'a arba'in. Unguwar da mutanenta suke warwatse a rumfuna uku masu nisa, babu inda sunanta yake fitowa a wannan lissafi ko kaɗan.

Yadda aka kafa rumfunan

Rumfunan da yawancinmu muka saba da su an tsara su ne a 1996, zamanin mulkin soja, a ƙarƙashin hukumar zaɓe ta wancan lokaci, NECON. Kusan 120,000 ne a ƙasa duka, domin masu zaɓe wajen miliyan 50. Daga nan aka yi shekara 25 ba a ƙara ko ɗaya ba. A cikin shekarun nan yaran da aka haifa sun yi aure sun kafa nasu gidaje, unguwanni sun tsiro a inda da gona ce, masu zaɓe kuma sun kai miliyan 84 a 2019. Rumfa tana nan inda aka dasa ta.

An yi ƙoƙarin gyara a 2014, sa'ad da Farfesa Attahiru Jega yake shugaban hukumar zaɓe ta INEC. Ya kawo shirin ƙara rumfuna wajen 30,000. Da aka ga kaso mafi yawa Arewa zai faɗa, sai aka yi ca a kansa daga Kudu, aka ce maguɗi ake shiryawa, ala tilas aka janye shirin. Dabarar da hukumar ta riƙa yi a maimakon haka ita ce, in rumfa ta cika maƙil, sai a tsaga rajistarta a kafa tebur na biyu ko na uku a fili ɗaya. Layi yakan ragu, amma wanda yake tafiyar mil uku yana nan yana tafiyar mil uku.

Sai a watan Yunin 2021, a zamanin Farfesa Mahmood Yakubu, aka samu aka yi abin da ya gagara. Hukumar ta mai da waɗannan tebura rumfuna masu cin gashin kansu, guda 56,872, jimla ta zama 176,846 a ƙasa. Jihar Kano ta tashi daga 8,074 zuwa 11,222, watau an ƙara mata 3,148. Aiki ne babba, ya kuma cancanci yabo. In aka raba masu rajistar Kano na 2023 a kan rumfunan, kowace za ta samu mutum wajen 530, alhali a 2019 kusan 680 ne.

Cunkoso dabam, nisa dabam

Amma fa a lura da ma'aunin da aka yi aikin da shi. Yawan mutane aka duba. Rumfar da ta haura mutum 750 ita ce aka tsaga, aka fid da sabuwa daga cikinta. To, ina ake samun irin wannan cunkoso? A birni ne da manyan garuruwa. Ciwon birni shi ne layi, an kuwa ba shi magani. Ciwon karkara shi ne tazara, wannan ma'auni kuwa ba ya ganin tazara. Rumfa mai mutum 300 a takarda lafiyarta ƙalau, ko da rabin mutanen nan daga ƙauyuka huɗu suke takowa.

Bari mu dubi ƙasar tamu. Ƙaramar Hukumar Gaya tana da faɗin murabba'in kilomita 613, Ajingi kuwa 714. A ƙidayar 2006 an samu mutum wajen 200,000 a Gaya, wajen 174,000 a Ajingi. Ajingi ke nan ta fi faɗi, ta kuma fi ƙarancin mutane, abin da ke nuna zaman ya fi warwatsuwa. Kowace tana da mazaɓu 10. A Gaya akwai Gaya Arewa, Gaya Kudu, Balan, Gamarya, Gamoji, Kademi, Kazurawa, Maimakawa, Shagogo da Wudilawa. A Ajingi akwai Ajingi, Balare, Chula, Dabin Kanawa, Dundun, Gafasa, Gurduba, Kunkurawa, Toranke da Unguwar Bai. In aka raba ƙasar Ajingi goma daidai, kowace mazaɓa za ta yi kamar fili mai tsawon kilomita 8 da faɗin kilomita 8, watau mil 5 kowane gefe. A birnin Kano akwai mazaɓun da yaro zai ratsa su kafin tuwo ya huce. Duk sunansu ɗaya a takarda: mazaɓa.

Ba kilomita kaɗai ke sa wuri ya yi nisa ba. Yashi yana ƙara nisa, haka rafin da ba shi da gada, haka fadama. Mutanen da ke zaune ta wajen kogin nan da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja sun san hanyar da take minti ashirin da rani, ta koma rabin yini da damina. Babban zaɓe da rani ake yinsa, gaskiya ne. Amma rajista da sauya rumfa ba su san rani ba, za mu kuwa zo kan wannan.

Akwai ƙasar da ta ɗauki tazara a matsayin ma'auni. A Indiya ƙa'idar hukumar zaɓensu ita ce kada mai zaɓe ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 2. Saboda wannan ƙa'ida har a tsakiyar dajin Gir, inda zakuna suke, malaman zaɓe sukan shiga su kafa rumfa domin mutum ɗaya tak, mai tsaron wani wurin ibada. Ba mu ce a yi mana haka ba. Mun kawo shi ne domin a ga cewa nisa abu ne da ake aunawa, a rubuta, a kuma yi hukunci da shi.

Rumfa sabuwa ba ta cika kanta

Ga wani abin da mutane da yawa ba su gane ba. Cikin sababbin rumfunan na 2021, hukumar ta ɗauke waɗansu daga filin da aka haife su ta kai su unguwannin da ba su da ko ɗaya. Amma an kai rumfa ne, ba a kai sunaye ba. Wanda yake so ya yi zaɓe a sabuwar, sai ya je da kansa ya nemi a sauya masa. Mutane kuwa ba su ji ba, ko sun ji ba su je ba. A zaɓen gwamnan Anambra na Nuwamban 2021 an samu rumfuna 86 da babu ko mutum ɗaya a rajistarsu. Har zuwa babban zaɓen 2023 akwai rumfuna 240 a ƙasa da ba a buɗe su ba saboda wannan dalili, ban da ɗimbin waɗanda suke da mutum goma ko ashirin, alhali tsohuwar da ke kusa da su tana nishi da ɗari takwas.

Da hukumar ta ga haka, sai ta kwashe waɗansu sunaye da kanta daga rumfuna masu cunkoso zuwa na kusa da su kafin zaɓen 2023, ta aika saƙo ta waya, ta ce kowa ya duba a intanet. To, wanda wayarsa ba ta da caji fa, ko wanda ba ya karatun boko, ko matar da lambar mijinta aka rubuta mata? A wurare da dama a ƙasar nan mutane sun wayi gari ran 25 ga Fabrairu sun je inda suka saba, suka duba bango ba su ga sunansu ba. Mai ƙarfin hali ya bi rumfuna yana tambaya. Mai rauni ya koma gida.

Saboda haka yana yiwuwa ƙwarai a ce akwai rumfa sabuwa a makarantar unguwarku, ku kuwa kuna wuce ta kuna tafiya garin dagaci, domin katinku can ya ce. Wannan gyaransa bai bukaci majalisa ko gwamna ba. Takardar neman sauyi ce, a ofishin INEC na Gaya ko na Ajingi, a lokacin da rajista take buɗe.

Nan ne kalandar hukuma take karo da kalandar manomi. Rajistar da aka yi domin zaɓen 2023 an rufe ta ran 31 ga Yulin 2022, tsakiyar damina, ana fama da ciyawa, wata kusan bakwai kafin zaɓe. An kafe sunaye domin kowa ya duba ya kawo ƙorafi a watan Nuwamba, sa'ad da kowane hannu yake wajen yankan dawa da roron wake. Aka yi rabon kati a Disamba da Janairu, lokacin da samari suka riga suka ɗaure jaka suka tafi ci-rani. Kati kuwa ba a aike, sai mai shi ya je. Sa'an nan aka yi zaɓen a Fabrairu da Maris, ga ƙarancin takardun kuɗi na shekarar nan, mai ci-rani a Legas ko Fatakwal ba shi da na motar dawowa, doka kuwa ba ta yarda ya yi zaɓe a wani wuri ba sai inda sunansa yake. Babu wanda ya shirya wannan da mugunta. Amma wanda ya tsara ranakun ba da fartanya yake ci ba.

Ƙofar fada, masallaci da majami'a

A cikin gyaran 2021 hukumar ta ɗauke rumfuna 749 daga wuraren da suke. Daga ciki, 232 a gidajen mutane suke, 145 a fadojin sarakuna, 21 a majami'u, 9 a wuraren tsafi, 6 a masallatai. Sauran 336 an matsar da su ne saboda nisa, ko wuyar hanya, ko cunkoso, ko rikici, ko kuwa sabon matsuguni. Ku riƙe wannan na ƙarshe da kyau: hukumar da kanta ta karɓi nisa da wuyar hanya a matsayin hujja. Wanda ya je da wannan ƙorafi ba sabon abu ya ƙirƙiro ba.

Mun san wani zai ce, to me zai hana mu roƙa a kawo rumfa harabar majami'armu, tun da akwai inuwa da bencina? Shawararmu ita ce kada a fara. Ƙa'idar da ta hana a sa akwati a majami'a ita ce ta hana a sa shi a masallaci, ita ce kuma ta hana a sa shi a zauren wani mai kuɗi. Jama'ar da ba ta da yawa a wuri ita ta fi kowa bukatar wannan ƙa'ida. Filin makaranta na kowa ne. Ba mai shigarsa yana jin kamar baƙo, ba kuma mai cewa an yi zaɓe a gidan su wane.

Batun ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa ya fi wuya, kada kuma mu yi saurin yanke hukunci. A ƙauyuka da yawa na ƙasar Kano rumfa a nan take, gama nan ne fili, nan ne itacen inuwa, nan kowa ya sani. Sau da yawa ma kasancewar dagaci a kusa ita take hana 'yan iska tada hankali. Amma akwai inda talaka yake jin ido a ƙeyarsa, musamman in gonar da yake nomawa ta aro ce. Kuma in makaranta tana bayan gari da nisa, ɗauke rumfa daga ƙofar fada zuwa can zai iya rage masu zuwa. Kowane ƙauye ya auna nasa. Abin da za a duba shi ne, mutum yana iya dangwala yatsa ba wanda ya ga inda ya dangwala? In wurin dangwalawar yana jingine da taga, ko yana ƙarƙashin katangar da yara suke hawa, to ko a makaranta ne ba a tsira ba.

Waɗanda ake bari a baya

Matan Arewa ba su samu ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri a kan haka. Yau in ka je rumfa a karkarar Kano, sau da yawa layin mata ya fi na maza tsawo. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce a raba layin maza da na mata a inda al'ada ta bukaci haka. Amma dubi lokacin. A ƙa'ida an buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, aka rufe layi da 2:30 na rana, wanda yake kan layi a lokacin a bar shi ya yi. Mace kuwa sai ta ɗebo ruwa, ta ɗora koko, ta sallami yara da dabbobi. In ta fito da hantsi ta yi tafiyar awa guda, ta iske malaman zaɓe ba su iso ba domin motarsu ta tsaya rarraba kaya a mazaɓa, ga rana, ga yaro yana kuka, babu ruwan sha, ba za mu ga laifinta ba in ta juya. Rumfar da ta fi nisa daga hedkwata ita ce kayan zaɓe suke isa a makare, ita ce kuma mutanenta suka fi bukatar komawa gida da wuri.

Ku yi wannan lissafi ma. Daga 8:30 zuwa 2:30 minti 360 ne. Kowane mai zaɓe sai na'urar BVAS ta duba yatsansa ko fuskarsa, yatsan manomi kuwa da kanta, sau da yawa sai an goge an sake. In an ce minti biyu ga kowa, mutum 180 ke nan a cikin lokacin. Rumfa mai mutum 700, in da duka za su fito, sai an kunna fitila.

Sai guragu, da makafi, da kurame, da kutare, da tsofaffi. Ƙa'idar hukumar ta ce su, da masu ciki, da masu shayarwa, a fara sallamarsu ba sai sun bi layi ba. Makaho yana da ikon zuwa da wanda ya amince da shi ya taimake shi, shi zai zaɓi mutumin, ba wakilin jam'iyya zai zaɓar masa ba. Hukumar ta kuma tanadi abin shafawa na makafi da gilashin ƙara girman rubutu, sai dai tana aika su ne inda rajista ta nuna akwai mai bukata. Wanda ba a rubuta lalurarsa ba lokacin rajista, babu abin da zai zo dominsa. Akwai kuma dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda keken guragu zai shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Ku je ku dubi barandar makarantar da kuke zaɓe a cikinta, ku ƙirga matakalarta. Sau da yawa maganin ba siminti ba ne: a sauko da tebur ƙasa, ƙarƙashin darbejiya, shi ke nan. Amma sai wani ya faɗa tun da wuri.

Aikin da ke gaban ƙungiyoyi

Ƙungiyar manoma tana da abin da ofishin zaɓe ba shi da shi. Tana da littafin sunaye, tana taro a kai a kai, ta kuma san gidan kowa da hanyar da ke zuwa can. Wanda ya iya lissafin bashin taki zai iya wannan.

A taro na gaba magatakarda ya ce kowa ya zo da katinsa, da na mutanen gidansa su zo da kansu. A jikin katin akwai lambobi kashi huɗu. Na fari na jiha ne, Kano 19. Na biyu na ƙaramar hukuma, Ajingi 01, Gaya 16. Na uku mazaɓa, na huɗu rumfa. A rubuta sunan mutum, da unguwarsa, da sunan rumfarsa, a mayar masa da katinsa nan take. Muna jaddada wannan. Kada ƙungiya ta tara katunan mutane ko ta kwana da su, kada kuma a kwafi doguwar lambar katin. Riƙe katin wani laifi ne a doka, kuma da ganin tarin kati a hannun shugaba za a ce sayar da ƙungiya zai yi. Haka in wani ya zo da alkawarin taki ko rance ya ce a tattara masa lambobin kati, a sallame shi da girma da arziki.

Bayan haka a zaɓi mutum biyu ko uku su taka hanyar, daga unguwa mafi nisa zuwa rumfa, da agogo a hannu. Kada a tura samari masu ƙafa kamar barewa. A sa dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumuntar mata, domin tafiyarsu ita ce ma'auni. Su rubuta minti nawa, rafi nawa, ina yashi, akwai inuwa a wurin, akwai rijiya kusa, akwai matakala, waya tana samun sabis. Su kuma tambaya ko akwai wata rumfa da ta fi kusa wadda aka kafa a 2021. Baturen zaɓe na ƙaramar hukuma yana da jerin rumfunan kowace mazaɓa, ba kuwa asiri ba ne.

In akwai ta kusa, aiki ya yi sauƙi. An sake buɗe rajista a watan Agustan 2025, saboda haka a aiki mutum ofis ya tambayo ranakun da ake karɓar neman sauyi da ranar rufewa, ya zo ya faɗa a taro. A haɗa kuɗin mota daga asusu, a tafi rukuni-rukuni ranar da ba kasuwa, a fara da tsofaffi da mata. Waɗanda suka cika shekara 18 su bi ayarin su yi sabuwar rajista, su kuma faɗi rumfar da suke so da bakinsu, kada su bari a zaɓar musu. Mai lalura ya tabbata an rubuta lalurarsa. Masu niyyar ci-rani su gama nasu kafin su tafi. Wanda aka sauya wa rumfa sai ya koma ya karɓi sabon kati, wannan tafiya ta biyu ma a sa ta cikin lissafi.

In kuwa babu ta kusa, sai takarda. A rubuta wa baturen zaɓe, da kwafi zuwa ga kwamishinan zaɓe na INEC a Kano. A faɗi sunan unguwa, yawan masu kati, rumfar da suke zuwa, tsawon tafiya, da wurin jama'a da ake ba da shawara a matsar da rumfa ko a kafa sabuwa. Kada takardar ta fito da sunan ikkilisiya ita kaɗai. Hanyar da muke takawa ita maƙwabtanmu Musulmi suke takawa, ita Fulanin rugar da ke gefenmu suke takawa, sau da yawa ma tasu ta fi tamu nisa. A je wurin mai unguwa da dagaci da liman da arɗo tun kafin a rubuta, kowa ya sa hannu. A guji sa ɗan takara a gaba, gama da zarar takarda ta yi warin jam'iyya, ɗaya jam'iyyar za ta tashi ta kashe ta, kamar yadda aka kashe shirin 2014.

Kada a sa rai za a amsa a mako guda. Hukumar da ta yi shekara 25 kafin ta ƙara rumfa ba za ta kafa sabuwa domin wasiƙa ɗaya ba, ko da yake matsar da wadda take akwai ya fi sauƙi. A nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin ƙungiya, a adana shi a akwatin da ake ajiye littafin asusu, a kuma sa wa wani ya riƙa leƙa ofis duk sa'ad da ya shiga Gaya ko Ajingi cin kasuwa. Rumfunan nan dai su ne hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, take amfani da su wajen zaɓen shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli, kamar wanda aka yi a Oktoban 2024, saboda haka gyara ɗaya zai yi aiki a zaɓe biyu.

Inda ba a samu sauyi ba kafin ranar, sai a shirya da abin da ke hannu. Amalanken shanu da jaki da keke ba su cikin abin da aka saba tarewa a hanyoyin ƙauye, amma a tambayi 'yan sandan yankin tun da sauran kwanaki domin a tabbata. A san tsofaffin da za a ɗauka da wanda zai ɗauke su. Mata su raba kansu biyu, rabi su tafi da sassafe, rabi su riƙe yara, sa'an nan a yi musanya kafin azahar. A kai randa ko jarkoki biyu da tabarmi a ajiye a inuwa nesa kaɗan da layi, na kowa da kowa, ba tare da hoton kowa a jiki ba. Ƙungiyar da ta gama kewayenta ta aiko mana da abin da ta samu, sunan mazaɓa, sunan rumfa da mintocin tafiya, za mu buga su a fitowa ta gaba domin na Gurduba su ga na Shagogo.